Baitoci Huɗu a kan Barin Taba, da Sharhinsu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba. Bayan haka, na ce:

Ya mai sigari, tsaya ka ji ni ɗan'uwa,
Da kuɗinka ka sayo wuta da hayaƙi.

Ƙirjin da za ka ja wazifa da shi,
Ka mai da shi murhu, yana ta baƙi.

Kar ka ce na tsufa, bari bai da amfani,
Ran da ka bar ta gyara zai shiga jiki.

Wanda ya kame tun asuba har magariba,
Ya san hanyar barinta, saura aiki.

Faɗata "murhu" ba zagi ba ne. Ka sani, Allah ya yi maka rahama, hayaƙin taba na ɗauke da wata iska mai guba, irin wadda gawayi ke fitarwa a ɗaki rufe lokacin ɗari. Tana shiga jini ta tare wa numfashi wurinsa. Akwai kuma kwalta mai liƙewa a huhu. A shekarar 1950 masana biyu na Ingila, Doll da Hill, suka nuna alaƙar sigari da sankarar huhu. Shehu Ahmadu Tijjani kuwa, wanda ya rasu a 1815, ya riga ya hana almajiransa ita. Matarka da 'ya'yanka ma suna shaƙa tare da kai, alhali ba su kunna ba.

Baiti na uku shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Dattawa da yawa sukan ce mini, "Malam, shekara 30 ina sha, abin da zai lalace ya lalace." Wannan magana kuskure ce. Likitoci sun auna: bayan awa 12 da barinta, iskar nan mai guba takan sauka a jini. Bayan shekara 1, haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kamar rabi. Bayan shekara 10, haɗarin sankarar huhu ma ya koma kamar rabi. Wanda ya bari yana ɗan shekara 30 kusan ya cim ma wanda bai taɓa sha ba, ɗan 60 ma yana da rabonsa. Ajali na Allah ne, amma riƙon sababi an umurce mu da shi.

Amma na huɗu, ina nufin azumi. Abin da ke ɗaure mutum ga taba sunansa nikotin, ƙishinsa ya fi tsanani a makon farko: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Daga nan sai ya dinga sauƙi. To kai da ke haƙuri yini cur a Ramadan, dare kaɗai ya rage maka. In ka sha ruwa, riƙe asuwaki a bakinka, ka nisanci teburin mai shayi inda abokan shanka ke zama, ka gaya wa muƙaddaminka ranar da ka yanke domin ya riƙa tambayarka. Wanda tari ya zarce masa mako 2, ko ya ga jini a majina, ya tafi asibiti, kada ya jira.

Wallahu a'alamu.