Yadda Ake Sayen Gidan Lof a Unguwar Soho ta Birnin Niyok

A kudancin tsibirin Manhatan, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka, tsakanin titin Houston da titin Canal, akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Soho, wadda tun asali aka gina benayenta domin sana'a da ajiyar haja. Attajiran ƙarni na 19 ne suka tayar da su, suka yi musu fuska da ginshiƙai na ƙarfen zubi, saboda ƙarfe ya fi sassaƙaƙƙen dutse araha, kuma yana ba da damar faɗaɗa tagogi don haske ya wadaci ma'aikata; a ɗaya daga cikinsu ma, wato ginin Haughwout na shekarar 1857, aka fara sanya lif mai ɗaukar mutane. Kowane hawa na irin wannan gini fili ne guda, babu bango a tsakani, tsawonsa daga daɓe zuwa rufi yakan kai ƙafa 12 ko fiye, shi ne abin da mutanen can suke kira lof.

Da masana'antu suka ƙaura bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai unguwar ta kusa zama kufai, gobara ta yawaita a cikinta, har hukuma ta ƙudiri rushe sashenta don shimfiɗa babbar hanya, ƙudurin da aka janye a 1969. Masu zane da sassaƙa, waɗanda akasarinsu ba su mallaki komai ba face basira da buƙatar fili, su ne suka raya ta. Ɗaya daga cikinsu, Donald Judd, ya sayi gini sukutum mai hawa 5 a titin Spring a 1968 a kan dala 68,000, alhali kuwa a yau hawa guda da aka gyara yakan ci miliyoyin daloli. Saboda haka wanda ya yi nufin saye a nan, ya sani cewa tare da gidan zai karɓi tarihi da dokoki da maƙwabta, kuma waɗannan ukun sun fi marmara da fenti cancantar tadabburi.

Mataki na farko shi ne mutum ya san haƙiƙanin abin da yake saye, domin malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa haja ta zama sananniya kafin ciniki ya inganta. Mallakar irin waɗannan gidaje kashi biyu ce. Akwai kondo, inda mai saye yake mallakar hawansa da takardar shaida a kan sunansa, ya kuma yi tarayya da sauran mazauna a harsashi da rufi da matakala. Akwai kuma gidan ƙungiya, wanda ya yi yawa cikin tsofaffin gine-ginen unguwar, inda kamfanin mazauna ne yake mallakar ginin baki ɗaya, shi kuwa mai saye hannun jari yake samu a kamfanin, tare da takardar haya ta dindindin a kan hawan da zai zauna. Na biyun yakan fi sauƙin farashi, amma ya fi tsananin sharuɗɗa, har a kan ba da haya da sake sayarwa.

Mataki na biyu shi ne tattalin guzuri da neman mataimaka. Ba a karɓar tayin wanda bai nuna shaidar wadata ba, ko ta takardun ajiyarsa a banki, ko ta wasiƙar mai ba shi rance. Gidajen ƙungiya kuwa sukan buƙaci mutum ya biya aƙalla kashi 20 cikin 100 daga aljihunsa, wasu ma fiye da haka. Musulmin da yake gudun riba ya wajaba ya warware wannan mas'ala tun yanzu, ko dai ya biya lakadan, ko ya tuntuɓi kamfanonin da suke mu'amala bisa tsarin musharaka, ya tambaye su ko suna shiga irin ginin da yake nema. Sannan ya ɗauki dillalin da ya san unguwar gini bayan gini, su rubuta tun farko wanda zai biya la'ada, ya kuma ɗauki lauya, domin a Niyok lauyoyi ne suke ƙulla cinikin gida.

Mataki na uku shi ne gani da ido, wanda ya kori ji. Gidan da aka gyara don sayarwa tamkar amarya yake ranar kai ta ɗaki: an goge katakon daɓe, an tone tsohon jan bulo yana sheƙi, an ƙawata madafa da na'urori masu tsada. Mai hankali zai yaba, sa'an nan ya koma sau biyu ko uku a lokuta dabam-dabam, ya lura da inda rana take faɗowa, tun da yake lof dogo ne mai tagogi a gaba da baya kaɗai, tsakiyarsa yakan yi duhu. Ya saurari ƙarar titi da takun maƙwabcin sama, domin daɓen katako ba ya ɓoye sauti. Bayan haka ya kira injiniya ya duba abin da ido ba ya kaiwa: wayoyin lantarki, da bututun ruwa, da na'urar ɗumama ɗaki, da rufin ginin, da tsatsar da take cin ƙarfen zubi idan aka yi sakaci da fentinsa. Dokar ƙasar ma ta tilasta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya bayyana abin da ya sani game da fenti mai gubar dalma. Wanda ya tsallake wannan mataki ya yi cinikin biri a sama.

Mataki na huɗu, wanda a ganina shi ne ruhin al'amarin, shi ne binciken takardu. Lauya zai fara da takardar izinin zama da Sashen Gine-gine na birnin yake bayarwa, don ya tabbatar cewa hukuma ta yarda a kwana a wannan hawa. Dalili kuwa shi ne, a 1971 an halatta zama a lof-lof na Soho ga masu fasahar da birni ya ba takardar shaida kaɗai, kuma ko da yake an sauya tsarin unguwar a ƙarshen 2021, har yanzu akwai gidajen da wannan ƙaidi yake rataye a kansu. Zai duba ko gyaran da aka yi an yi shi da izini, domin laifin ginin da aka yi a ɓoye mai saye ne zai gaje shi. Zai karanta lissafin kuɗin ginin da rubutattun bayanan zaman kwamiti na shekarun baya, inda ake gano yoyon da aka rufe da fenti, da shari'ar da ke tsakanin mazauna, da babban gyaran da za a raba kuɗinsa a kan kowa. Sannan ya tunatar da mai saye cewa tun 1973 aka ayyana unguwar a matsayin wurin tarihi, don haka ko taga mutum yake son sauyawa a fuskar gini, sai ya nemi yardar Hukumar Kiyaye Gine-ginen Tarihi.

Idan zuciya ta natsu, an yi shawara an yi istihara, sai mataki na biyar, wato tayi. Dillali ne yake kai shi, a yi ta ja-in-ja har mai gida ya sallama; amma a sani cewa sallamar baki ba ta ɗaure kowa a can, mai gida yana iya karɓar tayin wani matuƙar ba a sa hannu ba. Ijabi da ƙabuli suna tabbata ne ranar da ɓangarorin biyu suka rattaba hannu a kan yarjejeniya, mai saye ya ba da kafin alƙalami, wanda bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ne, lauyan mai sayarwa ya riƙe shi amana. Wanda ya janye bayan haka ba tare da uzurin da aka rubuta ba, kuɗin nan ya tafi.

Mataki na shida shi ne neman yardar maƙwabta. A gidan ƙungiya, mai saye zai miƙa wa kwamitin mazauna bayanin dukiyarsa da bashinsa da harajinsa, da wasiƙun waɗanda suka san halinsa, sa'an nan ya zauna gabansu su gana. Suna da ikon ƙin sa ba tare da faɗin dalili ba, in dai ba don addini ko launi ko makamancinsu ba, wanda doka ta haramta. A kondo kuwa kwamiti ba ya ƙin mutum, sai dai yana da haƙƙin ya karɓi cinikin a kan farashin da aka yi, abin da ya yi kama da shufu'ar da fuƙaha'u suka ba abokin tarayya.

Mataki na ƙarshe shi ne ranar cika alkawari, wadda takan zo bayan wata biyu ko uku. Mai saye zai sake zaga gidan ya ga yana nan yadda aka bar shi, sannan a zauna da lauyoyi a biya ragowar kuɗi da haraji, ciki har da wanda ake ɗora wa duk gidan da ya kai dala miliyan 1, wanda yake farawa daga kashi 1 cikin 100, ya hau har kashi 3.9 gwargwadon tsada. Daga nan a miƙa masa takardunsa da mabuɗi.

Idan ya buɗe ƙofa ya tsaya tsakanin ginshiƙan nan, ya dace ya tuna cewa masu ɗinki sun yi gumi a wannan daɓe, masu zane sun kwana a kansa cikin sanyi lokacin da babu mai so, kuma da yawansu tsadar da shi ya iya biya ce ta fitar da su daga unguwar. Haƙƙin da ya rage a wuyansa shi ne ya biya kasonsa na gyara ba tare da jinkiri ba, ya kare ƙarfen daga tsatsa, ya kyautata wa na sama da na ƙasa, domin ginin ya girmi kakansa, kuma da izinin Allah zai ga jikokin wanda zai saya a hannunsa.