Taka Birki da Gyaran Babur Bayan Faɗuwa: Gargaɗi ga Sababbin Mahaya na Ƙasar Miga

Jama'a, aikin da jaki da keke suke yi mana a da, yau babur ne ya ɗauke shi. Shi ke kwaso buhun shinkafa daga fadama, shi ke kai mai naƙuda asibitin Jahun da tsakar dare, shi ke kai ɗan kasuwa Gujungu ko Haɗeja ya komo kafin magariba. Daga Miga zuwa Hantsu, Zareku, Sansani da Tsakuwawa, da wuya ka shiga unguwa ba ka ga Boxer ko roba-roba a ƙofar gida ba. To, amma yaya samarinmu suke koyon hawa? Yayan yaro ne zai kai shi filin idi, ya nuna masa kik da giya da totur, ya bi shi a guje sau biyu, shi ke nan an yaye shi. An koya masa tafiya, ba a koya masa tsayawa ba. Abu ɗaya da ake gaya masa game da birki shi ne: "Kul, kada ka taɓa na hannu, zai wuntsila da kai." Har akwai masu sassauta wayarsa da gangan, ka ga libar tana lilo ba ta kama komai.

Wannan magana kuskure ce, kuma ta kai mutane da yawa gadon asibiti. Saboda ita aka rubuta wannan takarda.

Birkin gaba

Ka lura, ɗan'uwa, duk sa'ad da ka taka birki, jikinka gaba yake yi. Haka nauyin babur ma yake komawa kan tayar gaba, ta danne ƙasa sosai, ta baya kuwa ta yi sakayau. Tayar da ta danne ƙasa ita ce ke da riƙo. Don haka masu koyar da tuƙi suka ce a kan busasshiyar kwalta, kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba, wato na hannu, yake fitowa. Wanda ya dogara ga birkin ƙafa kaɗai ya yar da mafi yawan abin da zai cece shi. Zai take da ƙarfi, tayar baya ta daskare, ta ja baƙin layi a titi, babur kuma yana ci gaba da tafiya har ya isa ga abin da ake gudu.

To, me ya sa birkin gaba yake kayar da mutane? Fizga ce ke kayarwa. Idan ka cafke liba gaba ɗaya a firgice, tayar za ta tsaya cak tun nauyi bai sauka a kanta ba, sai ta zame. Matsa shi ake yi kamar mai matsar lemun tsami: ka fara a hankali, da ka ji gaban babur ya dunƙusa, sai ka ƙara ƙarfi, ka yi ta ƙarawa har ka tsaya. Duk wannan bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma hannu sai ya saba.

Ga yadda ake yi idan akuya ko yaro ya faɗo maka titi. Ka saki totur. Ka miƙar da babur tsaye, domin birki mai ƙarfi a karkace faɗuwa ce. Ka matsa na hannu, ka taka na ƙafa tare, amma na ƙafa ba da dukan ƙarfinka ba. Ka matse tanki da gwiwoyinka don kada nauyinka ya tafi kan hannuwa. Idan babur ɗinka mai kuloci ne, ka kama kuloci kafin injin ya mutu, ka sauko da giya. Idanunka kuwa su kasance kan hanyar da kake son bi. Babur inda ido ya kalla yake zuwa, wanda ya ƙura wa rami ido cikin ramin zai faɗa. In ka ji tayar gaba ta fara zamewa, saki nan take ka sake matsawa. In ta baya ce, kuma babur yana miƙe, sassauta ƙafa kaɗan. In kuwa bayan ya riga ya karkace gefe sosai, kada ka saki farat ɗaya, don yana iya komowa da ƙarfi ya cilla ka sama.

Yanzu ga ɗan lissafi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, zuciya ta gane, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce, wato ka shafe mita 17 ba ka rage komai ba. Bayan haka, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Wanda ya ɗora buhu biyu da mutum a baya, nasa ya fi haka. Shi dai mai lodi birkin ƙafa ya fi yi masa aiki fiye da wanda yake shi kaɗai, tunda nauyi ya danne tayar baya, amma wannan ba dalilin sakin na gaba ba ne.

Ƙasarmu ba kwalta ba ce duka

Abin da aka faɗa a sama na busasshen titi ne. Mu kuwa mutanen bakin kogin Haɗeja ne, hanyoyinmu rabi rairayi, rabi laka. A cikin rairayi ko taɓo ko burji mai tsakuwa, tayar gaba ba ta da riƙo sosai, saboda haka a nan kam a tausasa hannu, a fi dogara ga birkin ƙafa da saukar da giya, a kuma rage gudu tun kafin a shiga. Watakila daga nan tsoron birkin gaba ya samo asali, aka ɗauki hukuncin rairayi aka ɗora wa kwalta.

Akwai kuma tarkon da ba a cika lura da shi ba. Da kaka manoma sukan baza shanyar shinkafa a gefen titi, taya in ta hau ƙwayar hatsi sulɓewa take yi. Kashin shanu ɗanye haka yake. Ruwan farko na damina yakan tayar da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta, titi ya yi santsi. Bayan ambaliya irin ta 2022, ruwa yakan bar yashi a kan hanya, ya kuma zaizaye bakin kwalbati ta ƙasa. Da dare ga amalanken shanu ba fitila ba komai. Kada gudunka ya wuce inda hasken fitilarka ya kai.

Sannan duk wanda ya ratsa ruwa, ko aka tsallako da babur ɗinsa a kwalekwale ya jiƙe, ya sani birkinsa ya sha ruwa. Yawancin baburanmu birkinsu a cikin kwanon taya yake, in ruwa ya shiga ba ya kamawa. Ka yi tafiya a hankali kana ɗan matsa su biyun har su bushe, sa'an nan ka ƙara wuta.

Ba ranar haɗari ake koyon taka birki ba. Ka sami fili mai tauri inda ba yara, ka ja layi a ƙasa, ka taho da gudun kilomita 20, ka tsaya a kan layin da birki biyu. Ka maimaita har hannunka ya daina fizga, sannan ka ƙara gudu kaɗan. Ka sa hular kwano ko a wurin gwajin. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya ta tun 1 ga Janairun 2009, kuma doka ta ce mahayi ya kai shekara 18 ya mallaki lasisi ajin A. Na san zafin bazara ne ke sa a ƙi hular, amma a sa ta a ɗaure igiyarta dai, wadda ba a ɗaure ba tun kafin kai ya kai ƙasa ta yi nata wuri.

In an faɗi

Mutum tukuna, babur daga baya. Ka kashe injin, ka rufe makunnin mai, kada kowa ya matso da taba. Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe. Kada a zuba mata fetur ko baƙin mai ko ƙasa, kamar yadda wasu ke yi a bakin tasha, a je asibiti a tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki. Wanda kansa ya bugu, yana amai ko magagi ko barci na fizgarsa, asibiti za a kai shi ko da ya ce lafiyarsa lau. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ciccibe shi a ɗora a wani babur. Lambar kiran hukumar haɗurra ita ce 122. In ana zaton karaya, a ɗauki hoto kafin a je wurin mai ɗori.

In kowa lafiya, sai a ɗaga babur, a kiyayi salansa don tana ƙuna. Abin da za ka fara dubawa birki ne. Ka tura babur ka matsa na hannu, ka taka na ƙafa, ka ga ko suna kamawa suna kuma saki. Libar da ta lanƙwashe kada ka miƙar da ita da ƙarfi, ƙarfenta mai gautsi ne, in bai karye yau ba zai karye ranar da kake buƙatarsa. Sabuwa ba ta da tsada. Ka murɗa totur ka saki, in bai koma da kansa ba, kada ka hau.

Sau da yawa za ka tarar kan babur ya juya, taya na kallon gabas hannu na kallon kudu. Ka tsaya a gabansa, ka matse tayar tsakanin gwiwoyinka, ka murɗo hannun har su daidaita. In ya ƙi, a sassauta notunan da suka riƙe ƙafafun gaba, a daidaita, a ɗaure tam. Ka ɗaga kowace taya ka juya ta, ka duba ko tana rawa ko wayoyinta sun tsinke. Sarƙa in ta fita a mayar, a bar mata sassauci kamar faɗin yatsa biyu. In babur ya ƙi tashi, yawanci mai ne ya cika kafireto sa'ad da yake kwance. Ka bar makunnin a rufe, ka buɗe totur duka ka buga kik kaɗan. In bai tashi ba, ka kwance fulogi ka goge ka busar. Ka duba baƙin mai kafin ka kama hanya.

Ɗaure birki kuwa da notin da ke ƙarshen waya ko sandar birki ake yi. Ka juya kaɗan kaɗan, har ya zama yana kamawa da wuri amma taya na juyawa sakayau in an sake shi. In notin ya kai ƙarshe bai kama ba, shu ɗin birkin ya cinye, canji yake so. Kada mai ko giris ya taɓa shi. Sifana 10 da 12 da 14, filaya, sukundireba da abin kwance fulogi sun isa yawancin wannan aiki, kuma suna shiga 'yar jaka ƙarƙashin kujera.

Abin da ya wuce nan na bakanike ne: ƙafar gaba da ta lanƙwashe ko take yoyon mai, tankin da ya tsage, jikin babur da ya karkace har yana janye ka gefe guda. Wayar birkin da ta fara tsintsinkewa ba a ɗaure ta da roba, sabuwa ake sawa. In gyara ya fi ƙarfin na gari, a sa babur a mota a kai Jahun ko Haɗeja, kada a hau shi a ce za a lallaɓa.