Da gaske da kifi aka sayi Madawa?

Tambaya: A fadarmu ta shayi nan Buza akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da ke tsokanar 'yan Madawa wai da kifi aka saye su. Ya ce da can garinsu na Najeriya ne, Sarauniya Biktoriya ta ba Faransawa, su kuma suka biya ta da kifi. Mun yi ta gardama har shayi ya huce. Tarihi ne ko shaci-faɗi? Daga mai karatu a Buza.

Amsa: Ka gaida mini Baba, ka ce masa ya ci rabin gardama, har da ɗan ƙari.

Bari mu fara zubar da tsakuwar da ke cikin shinkafar. Biktoriya ta rasu a Janairun 1901, cinikin kuwa a 1904 aka ƙulla shi, zamanin ɗanta Edward na Bakwai. Najeriya ma ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1914. Ana yawan jingina wa matar nan kyautar da ba ta yi ba: haka ake cewa ta ba jikanta, sarkin Jamus, dutsen Kilimanjaro, alhali yarjejeniyar gwamnatoci ce ta raba wurin.

Amma maganar kifi tana da tushe. Ranar 14 ga Yunin 1898, a Paris, Ingila da Faransa suka raba ƙasar da mafi yawan masu sa hannun ba su taɓa takawa ba. Suka kafa tsinin abin zana da'ira a tsakiyar birnin Sakkwato a kan taswira, suka buɗe shi mil 100, wato kusan kilomita 161, suka ja baka ta arewa. Abin da ya faɗa ciki na Ingila, na waje na Faransa. Birnin Ƙonni na ciki. Madawa, wadda nisanta da Sakkwato a miƙe bai kai kilomita 150 ba, ita ma na ciki. Buza da ƙyar ta tsallake, Keita kuwa tana can waje. Ka ga ke nan, a takarda, tsakanin garinku da Madawa iyakar ƙasa ta ratsa. A takarda kawai fa, don Ingilishi ba su ci Sakkwato kanta ba sai Maris na 1903, kuma ko kafin nan, a 1899, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta kutsa cikin da'irar ta yi wa Ƙonni kisan gilla ba tare da neman iznin kowa ba.

Da Faransawa suka zauna a Damagaram sai suka gane an bar su da ƙishirwa. Ayarinsu daga bakin kogin Kwara dole ya kewaye bakan nan ta Filinge da Tawa, hanya mai nisa, rijiyoyi jefi-jefi, ga rairayi, raƙuma da jakuna suna faɗuwa. Ruwa da hatsi duk suna kudu, a rabon Ingila.

Can kuma a ƙetaren tekun Atlantika, a tsibirin Newfoundland da ke cikin Kanada a yau, Faransawa suna da haƙƙin kamun kifi da shanya shi a wani yanki na gaɓa tun yarjejeniyar Utrecht ta 1713, abin da ya daɗe yana ci wa mutanen tsibirin tuwo a ƙwarya. Ranar 8 ga Afrilun 1904 aka yi ban gishiri in ba ka manda. Faransa ta saki gatanta na gaɓar, aka biya masuntanta diyya, Ingila ta ba ta tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da Yarbutenda a kogin Gambiya, ta kuma yarda a turo iyaka kudu tsakanin Kwara da tafkin Cadi. Nan Madawa da Maraɗi suka koma rabon Faransa, Ƙonni kuwa sai a 1906. Ba kwandon kifi aka miƙa ba, wurin shanya shi aka bari, kuma ba wanda ya tambayi Gobirawa ko Buzayen Kel Geres ra'ayinsu.

An daidaita layin a Landan a watan Mayun 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi shi gari-gari har 1908 suna kafa alamomi. Tafintan tawagar Faransa, Landeroin, ya riƙa zama da sarakuna da dattawa yana rubuta asalin garuruwa, kuma littattafan tawagar, da aka fara bugawa a 1910, har gobe masu binciken tarihin Adar da Gobir suna komawa gare su.