Yuro 1,500 a Balensiya: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Ɗauki Jaka

Ranar wata Laraba muna zaune a ɗakin kwananmu, wani abokina ya shigo da murna riƙe da waya. Wai wani ɗan kamasho ya samo masa aiki a Balensiya, birni na uku a girma a ƙasar Sifen, albashi Yuro 1,500 a wata. Nan take muka juya kuɗin zuwa Naira, muka ga sun haura miliyan biyu, ɗaki ya kaure da ihu. Har ya fara zancen a sayar da gonar mahaifinsa a biya ɗan kamashon. Da yake ni Akanta nake karantawa, sai na ce ya ba ni mako guda in yi lissafi. Ga abin da na gano, 'yan'uwa ɗalibai.

Darasi na farko: albashin da ke takarda ba shi ne ke shiga aljihu ba. A Sifen yawanci ana biyan albashi sau 14 a shekara, ana ƙara ɗaya a bazara, ɗaya a Disamba. Kenan Yuro 1,500 sau 14 ya kama 21,000 a shekara. Daga ciki za a cire kusan kashi 6.5 cikin ɗari na inshorar ma'aikata, sannan harajin kuɗin shiga da suke kira IRPF. Ga tuzuru marar 'ya'ya, abin da zai rage bai wuce kusan Yuro 1,250 a kowane biya ba. Ku sani kuma, mafi ƙarancin albashi a ƙasar a 2025 shi ne Yuro 1,184 sau 14. Wato abokina zai ɗan ɗara na ƙasa ne kawai.

Darasi na biyu: haya ce ke cinye kuɗin. Da wannan albashi ba a maganar kama gida kai kaɗai, sai dai ɗaki ɗaya a gidan da za ka raba kicin da banɗaki da baƙi. A ƙiyasina:

Ɗaki: Yuro 400
Wuta, ruwa da intanet: 60
Abinci, idan da kanka kake girki kana cefane a kanti irin Mercadona: 230
Mota da waya: 55
Sutura, magani da sauran buƙatu: 100

Jimla 845. Saura kusan 400. Kafin ma a ba ka makulli, sai ka ajiye kuɗin ajiya na wata guda a kan hayar farko. Daga 400 ɗin nan ne za ka aika gida, ka tara kuɗin jirgi, ka biya bashin tafiya.

Ba wai babu daɗi ba. Mai aiki bisa ƙa'ida yana ganin likita a asibitin gwamnati ba tare da ya biya ba, akwai hutun kwana 30 a shekara, akwai mahautan halal, ga kekunan haya na Valenbisi masu araha. Rayuwa ce ta rufin asiri, amma ba ta gina bene a gida cikin shekara ɗaya ba.

Darasi na uku shi ne mafi nauyi. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar aiki sai mai ɗaukarsa aikin ya fara nemo masa izini daga hukumomin Sifen. Muka nemi ɗan kamashon ya nuna mana wannan takarda da sunan kamfanin. Yau da gobe, yau da gobe, daga ƙarshe wayarsa ta daina shiga.

Gonar tana nan, bana ma an shuka mata gero. Mu da muke dab da kammalawa, duk wanda aka kawo wa irin wannan tayi, ya tambayi abu uku: nawa ne bayan haraji, nawa ne haya, kuma ina takardar izini?