Iskar Sata a Injin Mota

A darasin da ya wuce mun karanta yadda fetur ya ke tasowa daga tanki ya zo inji. Yau kuma sai mu duba abokin tafiyarsa, watau iska. Da yawa cikinmu ba mu da mota, amma duk muna shiga. Wani kuma ɗansa yaron mota ne, wani ƙanensa yana koyon kanikanci a birnin Katsina. Saboda haka zancen nan ya shafe mu duka.

Inji numfashi ya ke yi kamar ɗan Adam. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta, su kama da ƙarfi su tura fistin ƙasa, sa'an nan hayaƙi ya fita ta salansa. Amma haɗin nan yana da ƙa'ida. In an auna da nauyi, kilo 1 na fetur yana bukatar iska wajen kilo 15. Kamar damun fura ne, in ruwa ya yi yawa sai ta tsinke.

Ga hanyar da iska ta ke bi. Da fari ta shiga matacin iska, ya tare ƙura. Daga nan ta bi babban tiyo zuwa ƙofar totur. In ta wuce ƙofa sai ta faɗa wani bututu mai rassa, makanikai suna ce masa manifol, shi ne ya ke raba wa kowane fistin rabonsa. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, kafireta ce ke haɗa iska da fetur. A yawancin motocin injekta kuwa akwai wata 'yar na'ura kusa da mataci, tana auna iska, ta gaya wa kwamfutar mota, ita kuma ta saki fetur daidai da ita.

To, in tiyo ya tsage, ko gasket ɗin da ke tsakanin manifol da kan inji ya mutu, sai wata iska ta shigo ta bayan gida, ba wanda ya auna ta. Ita ce mu ke kira iskar sata. Wanda ya taɓa zuƙo ruwa daga ganga da tiyo mai huji ya san abin, kana ta zuƙa, rabin abin da ke zuwa bakinka iska ce.

Ƙasarmu kuwa ba ta tausayin roba. Zafin bazara a Katsina ya kan kai awo 40, ga zafin inji a kai, sai tiyo ya bushe ya yi tauri. Gargadar hanyoyin ƙauye tana kwance noti. Motocin ma da yawa 'yan Kwatano ne, sun tsufa tun a Turai kafin su zo mana. Ɓeraye kuma su kan taɓa nasu, in mota ta kwana kusa da rumbu.

Yaya za mu gane? Babbar alama ita ce silo. In mota tana tsaye inji yana aiki, sai ka ji yana rawa, ko yana hawa yana sauka, ko ya mutu da kansa. Wata motar kuma silonta ya yi sama ya ƙi saukowa. Dalili ke nan: sa'ad da direba ya ɗage ƙafa daga totur, ƙofa a rufe ta ke, fistin kuwa bai daina zuƙa ba, don haka duk inda ya sami kafa sai ya ja iska ta nan. In ana gudu ƙofa a buɗe ta ke, iskar halal ta yi yawa, ta sata ba ta cika nunawa ba. Shi ya sa mota ta kan zo lafiya lau tun daga Daura, amma da ta shiga cunkoson cikin gari sai ta yi ta mutuwa. Wani lokaci kuma a kan ji wani ɗan sauti "sssss" kamar na maciji. A motar injekta fitilar gargaɗi ta kan kama, in an sa na'urar bincike sau da yawa ta kan nuna lamba P0171, ma'anarta iska ta fi fetur.

Mun taɓa ganin wani direba mai Golf, yana jigila tsakanin Katsina da Jibiya. Motarsa ta kama wannan hali. Ya ce man 'yan bumburutu ne, ya sa aka wanke tanki. Ya sake fulogi duka huɗu, ya sake famfon mai, kuɗin mako guda suka tafi, mota na nan yadda ta ke. Ran nan ta mutu masa a Ƙofar Guga da mara lafiya a ciki, sai da aka tura. Ya kai ta wurin wani dattijon bakanike, ya ce, "Baba, ina jin injin nan sai an sauke shi." Dattijo ya ce, "Yaro, tashe ta tukuna mu ji." Ya ɗauki guntun tiyo kamu biyu, ya kafa baki ɗaya a kunne, yana yawo da ɗayan a jikin inji. Can ƙarƙashin manifol ya tsaya. Ashe wani ɗan siririn tiyo ne ya tsage, kuɗinsa bai kai na kwanon tuwo ba.

Wannan dabara ta kunne ita ce ta fari, kowa yana iya yinta. Sai dai a ja birkin hannu, a naɗe hannun riga, a cire rawani ko babbar riga, gama fanka da fambel ba su san mai gida ba. A bi tiyo ɗaya ɗaya ana lanƙwasawa, musamman cikin lanƙwasar babban tiyo, nan tsaga ta ke ɓuya. In ana zargin wani ƙaramin tiyo, a matse shi da filaya kusa da manifol. In inji ya daidaita, to, ɓarawon yana kan wannan hanya. In kunne da ido sun kasa, a zuba ruwa cikin gora mai ɗan huji, a riƙa fesawa kaɗan kaɗan a bakin gasket da mahaɗar tiyo, ban da wayoyin wuta. Inda ruwa ya toshe kafa, muryar inji za ta sake nan take. Waɗansu da fetur su ke yin wannan gwaji. Mu dai ba mu yarda da shi ba, don fetur a kan inji mai zafi gobara ce. Manyan gareji kuma suna da na'urar hura hayaƙi cikin manifol, inji a kashe, a ga inda ya ɓullo.

Akwai wani tiyo mai kauri da ya tashi daga manifol zuwa baƙar tukunyar nan ta birki. Zuƙar inji ce ke taimakon ƙafar direba ta wannan tiyo. In ya tsage, birki ya kan yi tauri kamar dutse. Ga yadda a ke gwadawa. A kashe inji, a taka birki sau biyar, a riƙe shi a take, a tashi inji. In lafiya, birki zai ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa. In bai motsa ba, kada a ɗauki fasinja sai an gyara.

Gyara ba wuya. Tiyon da ya tsage a sake shi da sabo mai faɗi ɗaya, a ɗaure da kilif. Ɗaurin leda da robar tayar keke na kai mota gareji ne kawai, zafi zai cinye su. In gasket ne, a bar inji ya huce, a kwance manifol, a toshe ramuka da tsumma mai tsabta, a kankare tsohon sarai, a cire tsumman, a sa sabo. Wajen ɗaure noti a fara daga tsakiya a yi waje, kaɗan kaɗan, kada a yi ƙarfin tuwo, gama ƙarfen yana da taushi.

Abin da ba mu so shi ne aikin wanda zai murɗa sukurun kafireta ya ƙara fetur, silo ya tsaya, ya karɓi kuɗi. Kafar tana nan, mota kuwa ta ƙara shan mai, ga shi tun da aka cire tallafi cikin 2023 fetur ya yi tsada. Ban da haka, iskar sata ba ta bi ta mataci ba, da ƙurar hunturu ta ke shiga, tana cin zoben fistin kamar yashi. Fistin ɗin da iska ta yi wa yawa kuma ya kan yi zafi har bawul ya ƙone, a nan ne za a sauke kan inji da gaske.

In an gama gyara, a tashi inji ya yi zafi, a sake fesa ruwa a wurin. In muryarsa ba ta sake ba, an rufe kafa.

Tambayoyi

1. Me ya sa iskar sata ta fi nunawa in mota tana tsaye?
2. Yaya a ke gwada tiyon birki?
3. Rubuta sunayen wuraren da iska ta ke bi, tun daga mataci har fistin.