Lambu a Cikin Buhu da Tukunya: Darasi Domin Lokacin Rani

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi tukunyar miya. A ƙauyukan da ba su da fadama, kowace uwa ta san yadda gida yake daga ƙarshen hunturu har ganyen damina ya fito: kuka da busasshiyar kuɓewa safe da dare, ɗanyen ganye kuwa sai ranar kasuwa, in akwai kuɗi. Manya suna jurewa. Waɗanda abin ke bugawa su ne yara ƙanana, da mata masu ciki, da masu shayarwa. Yaron da ya daɗe bai ci ɗanyen ganye ko gwanda ko mangwaro ba, jikinsa yakan rasa bitamin A. Alamar farko ita ce dundumi, yaro ya riƙa tuntuɓe da almuru. Kuma ƙyanda da gudawa sun fi saurin kayar da irin wannan yaro.

Ba kowa ke da fili kusa da ruwa ba. Amma kowane gida yana da tsohon buhu, da fasasshiyar randa, da ruwan da aka wanke hatsi ake zubarwa a ƙasa. Da waɗannan za mu yi aiki.

Kafin mu shiga aikin, bari mu amsa wata magana da muke ji a wurin taro: "Wannan shuka ba ta ƙasarmu ba ce, ba za ta yi ba." To, yawancin abin da ke cikin miyarmu baƙi ne. Tumatir da barkono da gwaiba da gwanda daga nahiyar Amurka suka fito. Mangwaro da zogale da dogon yaro daga wajen Indiya. Citta, wadda ta zama arzikin Kachia da Kwoi da Kafanchan, asalinta Asiya ne. Kakanninmu sun karɓe su, sun koyi halinsu, har muka manta baƙi ne. Abin tambaya a kan kowace shuka shi ne me take so: rana ko inuwa, ruwa nawa, kuma saiwarta zurfi take yi ko faɗi.

Yadda ake haɗa buhun

Wannan dabara ta yaɗu sosai a unguwar Kibera ta birnin Nairobi a Kenya daga 2008, inda mutane ba su da ko taku biyu na fili. Mu da muke da tsakar gida mun fi su sauƙi.

A samo buhun masara ko na taki, a wanke shi. A haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. In ƙasar yumɓu ce mai kamewa, a ƙara yashi kaɗan. A samo babban gwangwani, a cire bakinsa da gindinsa, a tsayar da shi a tsakiyar buhun, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye da shi. Sai a ja gwangwanin sama, a sake cika shi da tsakuwa, a sake zuba ƙasa, har buhun ya cika. Abin da ya rage a tsakiya shi ne layin tsakuwa daga sama har ƙasa. Ta nan ake zuba ruwa, ya ratsa ko'ina. In babu tsakuwar, sama ce kawai za ta jiƙe, na ƙasa su mutu da ƙishi. A huda gindin buhun wuri uku ko huɗu, a kafa masa sanda don kada ya kife, a jiƙa shi a bar shi kwana biyu ko uku ƙasar ta zauna.

Daga nan sai a yanka ƙananan ƙofofi a jikin buhun, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu, kada wata ta zo daidai ƙarƙashin wata. A jikin buhu dashe ake yi, ba a zuba iri. Alayyafo da latas da albasa mai ganye suna yi a gefe. A sama kuma a sa tumatir ko attaruhu, gindi biyu sun isa. Wanda ya cusa biyar zai sami ganye mai yawa, 'ya'ya kaɗan.

Maganar taki muna so mu daɗe a kanta, domin nan ne mu kanmu muka faɗi. Buhunanmu na farko mun zuba musu ɗanyen kashin kaji, muna ganin mun yi musu gata. Cikin mako guda dashen ya ƙone ƙurmus. Ɗanyen taki yana da zafi, a fili ƙasa mai yawa tana shanye zafin, amma a buhu saiwa ba ta da wurin gudu. Takin da ya ruɓa baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, in ka tura hannu cikin tsibin ba ka jin ɗumi. In bai kai haka ba, a jiƙa shi, a rufe, a riƙa juyawa, a ba shi wata biyu ko uku. Haka nan, tun da ƙasar buhu kaɗan ce, abincinta yana ƙarewa da wuri. Bayan kowane mako biyu a jiƙa ruɓaɓɓen taki a bokiti, a tace, a sirka har ya yi launin shayi marar kauri, a zuba ta tsakuwar.

Ruwan wanke hatsi da na wanke ganye da na ɗauraye kwanuka duk suna yi. Ruwan da ya sha omo ko bilic ko gishiri ba ya yi, yana taruwa a ƙasar ya kashe ta a hankali. Ruwan wankin kayan jariri kada ya kusanci ganyen da za a ci. Kafin a ba da ruwa a tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a bari. A bazara buhu yakan so ruwa safe da yamma, a hunturu sau ɗaya ya isa.

Randa, daro da leda

Fasasshiyar randa ta fi roba, domin ba ta ɗaukar zafi. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya suna jin daɗinta a gefen rumfa. Tsohon daro ko jarkar da aka yanke ma suna yi, muddin an huda gindinsu. Amma jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko maganin ciyawa, kada a shuka abinci a ciki, ko an wanke ta sau goma. Kada kuma a bar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunya, gidan sauro ne.

Wasu suna tambaya ko za a iya ajiye shuka a ɗaki saboda kaji. Ɗakunanmu ba su da haske isasshe. Tsiron zai yi tsawo, ya yi fari, ya faɗi. Kayan miya suna son rana kamar awa shida. Abin da ya fi shi ne a ɗora su a kan dakali ko rumfa, a kewaye da ƙaya ko darni. Mu faɗi gaskiya: akuya ta kashe lambuna fiye da fari. Wanda bai shirya shinge ba, kada ya fara.

Citta tana yi a buhun da aka naɗe bakinsa zuwa rabi, a wuri mai inuwa kaɗan, tana ɗaukar wata takwas zuwa tara. Bayan cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, darasin da aka koya shi ne a kula da iri. Kada a shuka wanda ya yi laushi ko ya ruɓe a gefe, kada kuma a ɗebo ƙasa daga gonar da ta kamu.

Itatuwa uku da muke so kowane gida ya rena

Ledar fiya wata da ke yawo a bakin hanya ta isa renon bishiya. A yanke bakinta, a huda gindi, a cika da ƙasar da muka haɗa, a jera a inuwa.

Zogale ya fi kowa sauƙi. Irinsa yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko a dasa reshe mai tsawon mita ɗaya. In ya kai ƙugu a tsinke kansa, don ya yi rassa a inda hannu zai kai. A shanya ganyen a inuwa, domin rana tana cinye bitamin ɗin, a daka a riƙa zuba cokali a kunun yara. A yankin Kasamans na Senegal, ƙungiyar Church World Service ta fara irin wannan aiki da asibitocin karkara a 1997. Sai dai zogale abinci ne. Masu cewa yana warkar da kowace cuta suna sa mutane jinkirin zuwa asibiti, kuma saiwarsa da ɓawonta ba na ci ba ne, musamman ga mai ciki.

Gwanda tana iya ba da 'ya'ya kafin shekara ta zagayo, amma tana da sharaɗi. A murje santsin da ke jikin irin, a shanya a inuwa, sannan a shuka. Ba ta son a taɓa saiwarta, don haka ranar dashe a yanka ledar, a sa ta da ƙasarta. Akwai namiji, akwai mace, akwai mai haɗe da duka biyu, kuma ba a gane su sai sun yi fure. Namiji yana fitar da ƙananan furanni a dogon sili, mace kuwa babban fure manne da jikinta. Saboda haka a dasa uku a wuri ɗaya, in sun yi fure a bar mai amfani. Kada a sare maza duka, a bar ɗaya ga mata kamar goma. A dasa ta a tudu. Kwana biyu cikin ruwan da ya kwanta sun isa su kashe ta.

Mangwaro na mai haƙuri ne. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara biyar zuwa bakwai, kuma ba lallai ya yi daɗin uwarsa ba. Ɗan aure yana fara ba da 'ya'ya a shekara uku ko huɗu. Ledar fiya wata ta yi masa kaɗan, a nemi babba. In akwai wanda ya iya auren itace a ikilisiyarku ko a ƙauyen da ke kusa, ku roƙe shi ya koya wa matasa.

Ƙwari za su zo. Tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta lalata tumatir a Kaduna da Kano a 2016, ba ta raina buhu. Amfanin ƙaramin lambu shi ne ido yana kai wa kowane ganye. A duba kullum, a tsinke ganyen da ya yi zane fari-fari a ƙone. A daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana ɗaya, a tace, a yayyafa da yamma. In shuka ta yanƙwane alhali akwai ruwa, a tuge ta a duba. In saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, a zubar da ƙasar nesa, a sake sabuwa.

A taron zumuntar mata ko na matasa mai zuwa, ku tattauna: a wane wata ɗanyen ganye ke ɓacewa a garinku? Gidaje nawa ne na gwauraye da tsofaffi da ba za su iya ɗaukar ƙasa da tsakuwa da kansu ba, wa zai haɗa musu? Akwai wuri mai shinge a harabar majami'a da za a yi reno ɗaya domin kowa? Ku lissafa baya daga watan da kuka ambata: tumatir yana son mako huɗu a wurin reno kafin dashe, alayyafo mako biyu zuwa uku, taki kuwa a tara shi tun kaka.