Wa Ya Biya Kuɗin Tallar? Darasi Daga Jihar Kalifoniya

 Darasinmu na wannan mako ya shafi ilimin zama ɗan ƙasa, kuma mun ɗauko shi ne daga jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Tambayarmu ita ce: idan aka nemi jama'a su kaɗa ƙuri'a a kan wata doka, shin suna da haƙƙin sanin waɗanda suka zuba kuɗi domin a ce "e" ko "a'a"?

Mu fara da ma'ana. A ƙuri'ar raba gardama ba mutum ake zaɓa ba, magana ake yankewa. Mun karanta a darasin tarihi yadda a 1961 al'ummar Arewacin Kamaru, da ke hannun Turawan Ingila, suka kaɗa irin wannan ƙuri'a suka zaɓi haɗewa da Najeriya. A Kalifoniya abin ya wuce haka. Tun 1911, zamanin Gwamna Hiram Johnson, 'yan jihar suna da ikon rubuta daftarin doka da kansu. Idan suka tara sa hannun mutanen da yawansu ya kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un zaɓen gwamna da ya gabata, sai a sa daftarin a takardar zaɓe. Idan gyaran tsarin mulkin jihar ne, kashi 8 ake nema. An kawo tsarin ne don karya ƙarfin kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific, wanda ke juya 'yan majalisa yadda ya ga dama.

Sai dai kuɗin da aka kora ta ƙofa ya sake samun hanya. Tara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane da sayen lokaci a talabijin ba aikin talaka ba ne. Masu hannu da shuni sukan kafa kwamiti, su raɗa masa suna mai daɗin ji, mai nuna kamar talakawa ne suka haɗu, su kuma su laɓe a baya. A 2012 wata ƙungiya daga jihar Arizona ta turo dala miliyan 11 cikin yaƙin neman ƙuri'a a kan dokoki biyu, ba tare da bayyana asalin kuɗin ba. Hukumar da ke sa ido kan kuɗin siyasa a jihar ta bi sawu, a 2013 aka ci ƙungiyoyi biyu tarar dala miliyan 1. Amma kafin nan an riga an kaɗa ƙuri'a.

Don haka a 2017 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a kan dokar bayyana masu ba da kuɗi. Dokar ta ce tallar da kwamiti ya saka dole ta nuna sunayen manyan masu ɗaukar nauyinsa guda uku, cikin waɗanda suka ba da dala 50,000 ko fiye. A talabijin ana rubuta sunayen ɓaro-ɓaro a ƙasan hoto, yadda mai kallo zai iya karantawa. A 2019 aka ƙara wata doka: mai yawo da takardar neman sa hannu shi ma sai ya nuna wa mutane sunayen manyan masu biyan kuɗin.

Shin hakan ya hana kuɗi tasiri? A'a. A 2020 kamfanonin Uber da Lyft da DoorDash da abokansu sun kashe fiye da dala miliyan 200 a kan daftari mai lamba 22, wanda ya ce direbobinsu 'yan kwangila ne masu cin gashin kansu, ba ma'aikatan kamfani ba. Sunayen kamfanonin sun fito a tallace-tallacen, duk da haka kusan kashi 59 cikin 100 suka ce "e". Dokar ba ta ce wa kowa ga abin da zai zaɓa ba. Aikinta shi ne mai ƙuri'a ya san wa ke magana da shi, sannan ya auna da hankalinsa.

Akwai masu cewa bayyana suna na iya tsorata mai bayarwa. Muna ganin amsa tana cikin adadin nan na dala 50,000: mai ba da ɗan abin da ya samu sunansa ba ya hawa talla, sai wanda kuɗinsa zai iya karkata ra'ayin jiha guda.

Mu ɗalibai gobe mu ne masu zaɓe, wasunmu kuma 'yan jarida. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk saƙon da ya zo mana ta rediyo ko WhatsApp yana neman goyon bayanmu, mu tambayi kanmu: wa ya biya, kuma me zai samu? Wanda ya biya ba lallai ne maƙaryaci ba, amma wanda ya ɓoye sunansa ya hana mu abin aunawa.

Tambayar mako: me ya sa aka fi son sunan ya fito a jikin tallar, maimakon a ajiye shi a ofishin hukuma? A miƙa amsa ga sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis.